Mike Martin na Jami'ar Jihar Florida: nasara 2,029, kofin ƙasa babu ko ɗaya

A tarihin ƙwallon besbol na jami'o'in Amurka, babu kocin da ya ci wasanni da yawa kamar Mike Martin. Shekara 40 ya yi yana jan ragamar ƙungiyar Jami'ar Jihar Florida da ke birnin Tallahassee, daga 1980 zuwa 2019. Ya ci wasa 2,029, an doke shi sau 736, an tashi canjaras sau 4. A duk waɗannan shekaru babu kakar da ƙungiyarsa ta gaza cin wasa 40, babu kuma shekarar da ta rasa gurbi a gasar ƙasa ta hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i. Sau 17 ya kai yaransa birnin Omaha, inda ƙungiyoyi takwas na ƙarshe ke haɗuwa a raba gardama. Sau 17 ɗin ya dawo gida hannu rabbana.

Wannan ne ya sa har yau ake ja-in-ja a kansa. Wasu na cewa shi ne gwanin gwanaye, wasu na cewa gwani ne na watan Maris da Afrilu, da Yuni ya kama sai ƙafarsa ta yi sanyi. Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu suna auna mutumin da mudun da bai dace da aikinsa ba, kuma ba za a gane haka ba sai an san yadda wasan yake da yadda aka tsara gasar.

Wasan a taƙaice, ga wanda bai saba kallo ba. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da mutum tara. Ɗaya tana jifa da tsaron fili, ɗayar tana bugu. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya yi ƙoƙarin maka mata kulki, in ya samu sai ya ruga ya bi tashoshi uku ɗaya bayan ɗaya ya dawo inda ya taso. Duk wanda ya dawo gida lafiya, maki ɗaya ke nan. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Zagaye tara ake yi, babu agogo, in an yi kunnen doki yawanci akan ƙara zagaye har sai wani ya yi galaba. Abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne mai jifa. Wanda ya buɗe wasa yakan wurga ƙwallo kusan sau ɗari da iya ƙarfin kafaɗarsa, don haka dole ya huta kwanaki kafin ya sake tsayawa. Ma'ana ƙungiyar da ka gani ranar Juma'a da gwarzon mai jifanta ba ita za ka gani ranar Lahadi ba, ko da sauran mutum takwas ɗin ba su canja ba. Ƙungiya mafi ƙarfi a ƙasar tana iya cin karo da yaro ɗaya da hannunsa ya yi zafi a wannan yammaci, ta tashi ko maki ɗaya ba ta da shi.

An haifi Martin ranar 12 ga Fabrairun 1944 a Charlotte, jihar North Carolina. Ya fara karatu da wasa a ƙaramar kwalejin Wingate, sannan ya koma Jami'ar Jihar Florida, inda ya tsare tsakiyar fili a 1965 da 1966. Yana cikin tawagar da ta je Omaha a 1965, wato tun yana ɗalibi ya san hanyar. Bayan nan ya yi 'yan shekaru a ƙananan ƙungiyoyin ƙwararru da ke ƙarƙashin New York Mets da Detroit Tigers, bai kai babban rukuni ba, ya tattara ya koma Tallahassee. Ya yi koyarwa da horar da yara a makarantun garin, har ƙwallon kwando ya horar. A 1975 ya samu shiga jami'arsa a matsayin mataimakin koci, ƙarƙashin Woody Woodward. Da Woodward ya tafi ba Martin aka ba kujerar ba, Dick Howser aka ɗauko, tsohon ɗan wasan jami'ar da ya yi suna a babban rukuni. Martin ya ci gaba da zama mataimaki. Howser kaka ɗaya tak ya yi, ta 1979, sai New York Yankees suka kira shi ya zama manajansu. Ta haka kujerar ta faɗo hannun Martin, kuma a kakarsa ta farko, 1980, ya kai ƙungiyar Omaha. Lamba 11 ce a bayan rigarsa, da ita kuma 'yan wasa da magoya baya suka riƙa kiransa har ƙarshen rayuwarsa.

Lissafin da ya fi ba ni mamaki ba jimillar ba ce, rashin faɗuwar ne. In ka raba 2,029 gida 40 za ka samu sama da nasara 50 a kowace shekara, kusan kashi 73 cikin 100 na duk wasannin da ya jagoranta. A ƙwallon ƙwararru, mai kuɗi yana iya riƙe gwarzonsa shekara goma. A jami'a ba haka ba ne. Ɗan wasa shekara huɗu ke gare shi, kuma in gwani ne, bayan shekara ta uku ƙungiyoyin ƙwararru za su ɗauke shi. Wani yaron ma za ka bi shi tun yana sakandare, iyayensa su amince, ya sa hannu, sai a zo zaɓen ƙwararru, inda ƙungiyoyinsu ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, a ɗora masa kuɗi a tebur, ko ƙofar jami'ar ba zai taka ba. Ga kuma dokar tallafin karatu: tsawon shekaru a zamaninsa NCAA ta ƙayyade wa kowace ƙungiyar besbol guraben tallafi 11.7 kacal, alhali tawagar ta haura mutum talatin. Dole koci ya riƙa gutsuttsura wannan ɗan abin, wani rabi, wani kwata, ya shawo kan iyaye su cike sauran daga aljihunsu. A irin wannan yanayi kowane koci yana da shekarar da gini ke rushewa, manyan sun tafi, ƙananan ba su nuna ba. Martin bai taɓa samun irin wannan shekara ba. Ƙungiyar da aka sake ginawa fiye da sau goma, ba ta taɓa sauka ƙasa da nasara 40 ba.

Kuma ƙasar da yake tsaye a kai ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ya fara ne a rukunin jami'o'i na Metro, inda ya yi kaka-gida, sai jami'ar ta koma rukunin ACC a 1992, ta haɗu da abokan hamayya irin su Clemson da Georgia Tech da North Carolina. Ya ga zamanin kulkin alminiyon mai zafi, lokacin da ƙwallo ke tashi kamar an harba ta, wasa ya tashi da maki ashirin ba a ɗauke shi abin mamaki ba. Ya ga 2011, lokacin da aka tsaurara ƙa'idar kulki, bugu ya yi sanyi, wasa ya koma hannun masu jifa. An rage yawan wasannin kaka zuwa 56, abin da ya sa cin 40 ya ƙara wuya. Duk wannan bai taɓa layin nasara 40 a kowace kaka ba. A yi adalci, yana da abin da wasu ba su da shi: Florida ƙasar rana ce, yara na buga besbol duk shekara, kuma a watan Fabrairu da ƙanƙara ta rufe filayen arewacin Amurka, ƙungiyoyin can ne ke yin tattaki zuwa Tallahassee su buga a gidansa. Amma Jami'ar Miami da Jami'ar Florida suna shan rana ɗaya da shi, suna kamun yara a rafi ɗaya da shi, ba kuma wadda ta jera shekara 40 haka.

Salonsa ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyoyinsa sun yi suna da haƙuri a wurin bugu. A dokar wasan, in mai jifa ya kauce wa hurumin da aka yarda sau huɗu, mai bugu zai taka zuwa tashar farko kyauta. Yaran Martin sun ƙware a wannan jira: ba sa kai wa kowace ƙwallo duka, suna barin mai jifa ya gajiyar da kansa, a cire shi da wuri, a kawo na bayansa wanda bai kai shi ba, sannan su far masa. A kaka mai tsawo, inda kake haɗuwa da masu jifa iri-iri, masu kyau da marasa kyau, wannan dabara tana biya kusan kullum. Filin gidansu ma, wanda aka sa wa sunan Dick Howser bayan rasuwarsa, katangarsa ta ɓangaren dama kusa take, abin da ke yi wa mai bugu da hagu daɗi.

Kan ganin abin da ke jikin yaro, misalin da aka fi kawowa shi ne Buster Posey. Ya zo jami'ar yana tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, kuma ya iya. A shekararsa ta biyu aka mayar da shi mai tsugune a bayan mai bugu yana cafke jifa, aikin da ya fi kowane wahala a filin. Shawarar ta fito ne daga ɗan Martin, Mike ƙarami, wanda ke mataimakinsa, uban kuma ya amince. A 2008 Posey ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, San Francisco Giants suka ɗauke shi na biyar a zaɓe, ya je ya ci musu kofin duniya na ƙwararru sau uku, a 2010 da 2012 da 2014, duk yana tsugune a wannan wuri. Kafin shi akwai J.D. Drew, wanda a 1997 ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 31 ya kuma saci tasha (wato ya ruga zuwa ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba) sau 32, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa a kaka ɗaya a babban rukunin jami'o'i. Mike Fuentes a 1981 da Mike Loynd a 1986 su ma, kamar Posey da Drew, sun karɓi kyautar Golden Spikes, wadda ake ba ɗan wasa mafi fice da bai shiga ƙwararru ba. Huɗu ke nan daga hannun mutum ɗaya. Kevin Cash, wanda ya zama manajan Tampa Bay Rays a 2015, shi ma a nan ya tashi. Saboda haka maganar cewa bai samu kayan aiki ba, ba ta taso ba. Ya samu, da yawa ma shi ya ƙera su.

To ina gizo ke saƙar? A Omaha.

Tun 1950 ake yin zagayen ƙarshe na gasar, wanda ake kira College World Series, a wannan birni na jihar Nebraska. Tun daga 1999 ƙungiyoyi 64 ke shiga gasar ƙasa. A raba su gida 16, huɗu-huɗu, kowace ƙungiya in an doke ta sau biyu ta fita. Zakarun 16 su kara bibbiyu, wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku ya wuce. Takwas ɗin da suka rage su ne 'yan Omaha, inda nan ma faɗuwa biyu ke kora mutum gida. Mai kallon ƙwallon ƙafa zai gane bambancin nan take, bambancin lig ne da kofin sili-ɗaya-ƙwale, sai dai a nan ba a ba wanda ya fi kowa a lig kambun ƙasa. Wata huɗu na aiki tikitin shiga kawai suke saya maka. Kuma a Omaha babu raunanan masu jifa da za ka jira. Kowa ya zo da gwarzonsa, mai jifan da ba ya kauce wa hurumi, don haka haƙurin da ya ciyar da kai tun Fabrairu yana iya zama tsayuwa kana kallo ana fitar da kai. In ka faɗi wasan farko kuwa, ka shiga layin 'yan neman tsira, kana wasa kusan kullum, masu jifanka na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, abokin hamayyarka na hutawa a masauki.

Sau biyu Martin ya kai wasan ƙarshe. A 1986 ya je da ƙungiyar da mutane da yawa ke ganin babu kamarta a ƙasar, da Mike Loynd da ya ci wasa 20 shi kaɗai a matsayin mai jifa. Jami'ar Arizona ta lallasa su 10 da 2. Wannan ba a cewa komai, an fi su a ranar.

Na 1999 ya fi ciwo, kuma shi ne ya fi nuna matsalar tsarin. A wannan shekara ƙungiyar na da Marshall McDougall, wanda a watan Mayu ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau shida a wasa ɗaya da Maryland, ya kawo maki 16, tarihin da har yau ba a karya ba. A Omaha suka faɗa layin neman tsira, sai da suka doke Stanford sau biyu a jere, na biyun 14 da 11 bayan zagaye 13. Washegari suka fito wasan ƙarshe da masu jifa a gajiye. A lokacin wasa ɗaya ne tak ake yi na ƙarshe, sai a 2003 aka mayar da shi mafi rinjaye cikin uku. Abokiyar karawar ita ce Miami, babbar kishiyarsu ta cikin jiha, wadda ba ta faɗi ko sau ɗaya ba a Omaha, ta huta ta ƙoshi. Kocinta Jim Morris kuwa tsohon mataimakin Martin ne, tare suka fara a 1980. Miami ta ci 6 da 5. McDougall aka ba kyautar gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ta faɗi. Maki ɗaya. Da wannan maki ya karkata ɗaya ɓangaren, da duk muhawarar da ake yi kan Martin ba ta taso ba, alhali mutumin shi ne dai, aikinsa shi ne dai.

Amma kada a ɗora komai a kan ƙaddara, don akwai inda masu sukarsa ke da gaskiya. Tsakanin 1986 da 2000 ya je Omaha sau 11. A cikin wannan zamani Skip Bertman na Jami'ar Jihar Louisiana ya ɗauki kofi biyar, a 1991 da 1993 da 1996 da 1997 da 2000, a fili ɗaya, da doka ɗaya. Augie Garrido ya ci biyar shi ma, uku da Cal State Fullerton, biyu da Texas. In sa'a ce kawai, me ya sa take yawan sauka a gida ɗaya? Dole akwai wani abu da waɗannan mutane suka iya na shirya ƙungiya don makonni biyu na Yuni, musamman tara masu jifa masu ƙarfi da yawa, wanda Martin bai kai su ba. Sannan ga 2002, shekarar da ya ci wasa 60, aka sa ƙungiyarsa ta ɗaya a duk ƙasar, sai Notre Dame ta zo har gida Tallahassee ta fitar da su kafin Omaha. Daga 2001 zuwa 2007 ba su leƙa Omaha ba ko sau ɗaya. A 2008 da suka koma da Posey, Fresno State ce ta ɗauki kofin, ƙungiyar da ta shiga gasar a matsayi na huɗu cikin ƙungiyoyi huɗun da aka haɗa ta da su a matakin farko. A 2016 Coastal Carolina ta ci a zuwanta na farko. A 2017 kuwa, Martin na Omaha, an fitar da shi, Jami'ar Florida ta ɗaga kofinta na farko. Kishiyoyinsa biyu na jiha duk sun samu ke nan. A harabar jami'arsa ma, Bobby Bowden na ƙwallon Amurka mai kwalkwali ya kawo kofin ƙasa biyu, na kakar 1993 da ta 1999. Duk inda Martin ya waiga akwai wanda ke riƙe da abin da ya rasa.

Misalan Fresno da Coastal Carolina kaifi biyu gare su. Suna ƙona ran magoya bayan Tallahassee, amma kuma suna nuna cewa kofin Omaha ba koyaushe yake nuna wanda ya fi iyawa ba. Babu mai hankalin da zai ce shirin besbol na Fresno ya fi na Martin don sun yi zafi a wata guda. Abin da zan iya cewa shi ne, Martin ya gina na'urar da ke tabbatar da cewa kullum yana bakin ƙofa, kuma bai taɓa yarda ya lalata ta ba don caca ta shekara guda. Ko da ya sauya salo zai ci kofi, wannan magana ce ta da-na-sani. Abin da ake da shi a hannu shi ne cewa ƙananan jami'o'i da yawa za su sayar da komai don zuwa Omaha sau ɗaya, shi kuma an riƙa yi masa gori don ya je sau 17.

Wani abin lura shi ne halin hukumar jami'ar. Ba su kore shi ba. A 2005 ma suka sa wa farfajiyar filin wasan sunansa, yana kan aiki. Ranar 5 ga Mayun 2018 ya doke Clemson 3 da 2 bayan zagaye 13, nasararsa ta 1,976, ya wuce Garrido, wanda ya rasu a watan Maris na shekarar. Garrido kaka 48 ya yi kafin ya tara 1,975. Martin ya wuce shi a kaka ta 39, duk a makaranta ɗaya. Bayan kammala wannan kaka aka sanar cewa 2019 ce ta ƙarshe.

Kakar bankwanan ta zo da abin da ba a zata ba. A watan Maris ya cika nasara 2,000 a wasa da Virginia Tech, daga nan ƙungiyar ta shiga tangal-tangal, har aka fara maganar cewa layin shekara 39 zai tsinke a shekara ta 40. Da ƙyar suka samu gurbi, suna cikin huɗun ƙarshe da aka ɗauka daga 64. Aka tura su Athens, gidan Jami'ar Georgia, wadda aka sa ta huɗu a ƙasa. Suka doke ta sau biyu, ba da wasa ba. Daga nan sai Baton Rouge, filin Jami'ar Jihar Louisiana, inda baƙo ba ya jin daɗi. Kocin masu gida Paul Mainieri ne, shi ne wanda ya jagoranci Notre Dame ta fitar da su a 2002. Suka ci wasan farko, na biyun ya kai zagaye 12 kafin Drew Mendoza ya buga ƙwallon da ta kawo makin nasara, 5 da 4. Mutumin da ya sha zuwa da ƙungiya mafi ƙarfi ya faɗi, ga shi ya zo Omaha karo na 17 da ƙungiyar da ba wanda ya sa a lissafi. Wannan karon su ne masu zafin Yuni.

A Omaha suka doke Arkansas 1 da 0. Sai Michigan ta fito da mai jifanta Tommy Henry, ya yi zagaye tara shi kaɗai bai ba su ko maki ɗaya ba, 2 da 0. Texas Tech ta ƙarasa su 4 da 1. Wasa uku, maki biyu kacal. Aka tashi kakar da nasara 42. Dukan abin da aka faɗa a sama game da mai jifa ɗaya a yammaci ɗaya, ga shi a fili a makonsa na ƙarshe.

Abin da ya biyo baya ne, a ganina, ya fi komai bayyana nauyin aikin da ya yi. Jami'ar ta ba ɗansa, Mike ƙarami, wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana mataimaki, ya san kowane lungu na shirin. Annobar korona ta yanke kakar 2020. A 2021 ƙungiyar ta ci wasa 31, layin nasara 40 ya tsinke a cikakkiyar kaka ta farko bayan tafiyar uban. A 2021 da 2022 ɗan ya kai su gasar ƙasa, aka fitar da su a matakin farko, a watan Yunin 2022 aka sallame shi. Haƙurin da aka yi wa uba shekara 40 ba a yi wa ɗa na shekara uku ba. Wani zai ce rashin adalci ne, wani zai ce tun farko gadon ne bai kamata ba. Ko wanne ne, mudun da aka auna shi da shi na uban ne, kuma ba kofi ba ne, wancan layin ne da aka daɗe ana rainawa.

Aka ɗauko Link Jarrett, shi ma tsohon yaron Martin, wanda ya yi masa wasa daga 1991 zuwa 1994, kuma ya kai Notre Dame Omaha a 2022. Kakarsa ta farko, 2023, ƙungiyar ta ci 23 aka doke ta 31, ta rasa gurbin gasar ƙasa karon farko tun 1977. Fili ɗaya, rana ɗaya, yaran Florida ɗaya. Martin ya rasu ranar 1 ga Fabrairun 2024 bayan fama da ciwon mantuwa nau'in Lewy, saura kwana 11 ya cika shekara 80. A watan Yunin wannan shekara Jarrett ya mayar da ƙungiyar Omaha, Tennessee ta doke su sau biyu, ta wuce ta ɗauki kofin.

Duk kocin da ke son kamo 2,029 sai ya ci wasa 50 a shekara har tsawon shekara 40, ya kuma ƙara 29 a kai. Sai ya samu kujerar tun yana ɗan talatin da 'yan kai, a jami'ar da za ta iya cin wasanni haka, ya kuma samu shugabannin da za su zuba masa ido. Yanzu 'yan wasa na sauya makaranta duk shekara ba tare da an dakatar da su ba, ana biyansu kuɗin tallan suna, manyan jami'o'i na zawarcin koci da albashi mai tsoka, suna kuma sallamarsa bayan kaka biyu marasa armashi, kamar yadda Tallahassee da kanta ta yi wa ɗan Martin.